Baƙuwar Tabawa Mai Zubar da Fure

Dalilin da ya sa Baƙuwa take zubar da furenta tun yana ɗanye, ba ta bari ya ƙulla 'ya'ya, shi kuke son ji? To ku zauna. Kai Nafi'u, ajiye sandar nan kafin ka tsone wa 'yar'uwarka ido. Ke kuma Ummita, matso kusa, muryata ba kamar da ba ce. Kullum sai kun tare ni: Kaka, mene ne sunan shukar nan ta bakin shinge? Na ce muku Baƙuwa, kun ce wannan ba suna ba ne. Gaskiyarku, ba suna ba ne. Yau zan gaya muku yadda kakata ta gaya mini, amma wanda ya katse ni, na yi shiru ke nan.

A can da, garin nan namu na Kwarin Ɗinya bai wuce 'yan gidaje ba, kuma kusan kowa ɗan lambu ne. Da damina ta ɗauke sai a gangara bakin rafi, kowa ya kafa jigonsa. Ku ba ku san jigo ba, kun tashi kun tarar da inji. Doguwar sanda ce da guga a bakinta, da ita ake jawo ruwa, guga bayan guga, har kafaɗar mutum ta yi tsami. To saboda wahalar ruwan nan, mutanenmu suna da wata al'ada: duk abin da aka ga mutum yana shayarwa, sai an san sunansa, an san aikinsa. Albasa ta miya ce. Lalle na ƙunshi ne. Rama a yi kwaɗo, a yi igiya. Ba su taɓa jin an ce mai hankali ya jawo ruwa da ƙarfinsa ya zuba wa abin da ba a ci, ba a sha, ba a ɗaure akuya da shi ba.

A cikin masu lambun akwai wata mata, Tabawa. Mijinta Shekarau falke ne, yana zuwa kurmi sayen goro. Mutum ne mai barkwanci, ba ya gaya maka abu kai tsaye sai ya ja maka rai. Allah bai ba su haihuwa ba, amma zamansu gwanin sha'awa.

Wata dawowa da ya yi, sai ya kwance kayansa ya fito da wani ɗan reshe naɗe cikin ɗanyen ganye, irin wanda ake rufe goro da shi. Ya miƙa mata.

Tabawa ta juya shi ta ce, "Maigida, wannan fa? Tsarabar tawa ke nan, tsinke?"

Ya ce, "Tsarabarki ke nan."

"Me ake ce da ita?"

"Ranar da ta yi fure zan gaya miki."

"To me ake yi da ita, miya ko magani?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ta ruwa."

Da hannunsa ya dasa ta a gefen lambunsu, jikin shinge, daidai 'yar hanyar da yara suke bi in za su rafi wanka. Reshe ya kama, ya fitar da toho. Amma kafin damina ta faɗi zazzaɓi ya kwantar da Shekarau, bai tashi ba. Allah ya ji ƙansa. Ya tafi da sunan shukar a bakinsa.

Da Tabawa ta fita takaba sai ta koma lambu. Ta ci gaba da albasarta da yakuwarta, amma gugan farko kullum na shukar nan ne. Ba ta da ɗa, ba ta da 'ya, abin da hannun mijinta ya taɓa na ƙarshe ke nan, don haka ta riƙe ta da zuciya ɗaya. Shuka ta yi ta girma har ta kai ƙirjin mutum, ta yi rassa, ganyenta kore shar yana sheƙi. Sai rannan ta fitar da fure. Irin wanda kuke gani ɗin nan ne, fari tas da ja a tsakiya, ga ƙamshi. Sai dai a wancan zamanin furen ba ya faɗuwa. Yakan zauna a kan reshe har ya bushe, kamar na kowace shuka.

Tabawa ta tsaya a gabansa ta yi kuka har ta gode Allah. Ga fure ya fito, mai faɗin sunan ba ya nan.

To, maƙwabciyar lambunta wata ce Ige. Ige ba muguwa ba ce, kar ku ce na ce. Amma idonta ba ya wuce abu, bakinta kuma ba ya riƙe abin da idon ya gani. Ta leƙo ta saman shinge ta ce, "Sannu da aiki, Tabawa. Ikon Allah! Wannan wace irin shuka ce?"

Tabawa ta ce, "Wallahi ban sani ba, Ige. Marigayi ne ya kawo ta."

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba."

"To me ake yi da ita?"

"Shi ma ban sani ba. Ina dai kallonta, ina jin daɗi."

Ige ta riƙe haɓa. Ta ce, "Kallo? Ki jawo ruwa da jigo, ki zuba, don kallo?" Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta juya.

Kafin azahar magana ta zaga bakin rafi kaf. Kuma abin da ya tsaya wa mutane a rai ba rashin sunan ba ne kawai, a'a, wannan kalma ce ta kallo. Suka ce ƙarya ne. Babu mai wahalar ruwa a banza. Tunda tana shayar da ita, tana da aiki. Tunda kuma ta ƙi faɗin aikin, to aikin ba na faɗa ba ne. Kun ji fa yadda aka ƙulla ta, daga mace ta ce ban sani ba.

Sai aka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce dama Shekarau lafiyarsa ƙalau sai da ya dasa abin nan. Wata ta ce ƙamshin ya yi yawa, abin kirki ba ya irin wannan ƙamshi. Kazar wani ta mutu, aka ce ai an gan ta tana tono a gindin shingen Tabawa. Yo kaza, ina ne ba ta tono? Mata suka daina aiko mata da yara karɓar wuta. In ta yi sallama a bakin rijiya sai hira ta mutu, a amsa mata a daƙile, ana yi mata kallon hadarin kaji.

Maganar ta kai kunnen Barau, Sarkin Lambu, wanda shi ke raba ruwa da sasanta rigimar iyaka. Dattijo ne mai tsoron abin da zai je ya dawo. Ya zo da mutane a bayansa, ya tsaya nesa kaɗan da shukar, hannayensa a baya.

Ya ce, "Tabawa, ba da faɗa na zo ba. Sunanta kawai za ki gaya mana, kowa ya kama gabansa."

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, da na sani da na faɗa. Ya ce sai ta yi fure, bai kai ba."

Barau ya ce, "To a kawo akuya."

Haka suke gwada baƙon ganye a lokacin. Aka jawo akuyar wani, aka tsinko ganye da sanda aka jefa mata. Akuya ta shinshina, ta yi atishawa, ta kau da kai. Wuri ya ɗauki salati. "Kun gani! Akuya da ke cin tsumma ma ta ƙi!"

Ana cikin haka sai ga akuyar Ige ta tsinke igiya, ta kutso ta tsakanin ƙafafun mutane, ta lamushe ganyen nan tas, har tana neman ƙari. Aka zuba mata ido. Akuya ta yi tsaye tana tuƙa, ko gezau. Kuna tsammani shi ke nan magana ta ƙare? Ina! Ige ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo ni! Ta jawo mini akuya! Wannan akuyar ba ta taɓa tsinke igiya ba sai yau. Kiranta ta yi!" Wallahi akuyar nan kullum sai ta tsinke igiya, duk garin an sani, amma babu wanda ya tuna a ranar.

Nafi'u, dariya kake yi? Yi abarka. Tabawa dai ba ta yi dariya ba. A nan ta gane cewa ko akuya ta ci ko ta ƙi, duk ɗaya ne a wurinsu.

Barau ya ce tunda akuya ta raba hankali, a kira Jatau. Jatau mai magani ne, tsoho, ya san saiwa da sassaƙe, ya san kowane ganye daga nan har bakin dutse. Duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa nuna masa tsiro ya ce bai sani ba, kuma da wannan yake taƙama. Ya zo da 'yar jakarsa ta fata a rataye. Ya zagaya shukar. Ya tsuguna ya dubi gindinta. Ya murza ganye ya kai hanci. Ya ɗaga fure da tsinke ya leƙa cikinsa. Jama'a sun zuba masa ido, ana jira.

Bai san ta ba, 'ya'yan nan. Bai taɓa ganin mai kama da ita ba. Da ya buɗe baki ya ce ban sani ba, da wataƙila an ce to, abin kurmi ne, a bar shi. Amma ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa, sai girman kai ya hana shi. Ya miƙe a hankali, ya goge yatsunsa a jikin riga, ya ja da baya.

Barau ya ce, "Yaya, Jatau? Ka san ta?"

Ya ce, "Na san ta."

"To mene ne sunanta?"

Jatau ya girgiza kai ya ce, "Ba a faɗa." Ya saɓa jakarsa ya yi tafiyarsa.

Tabɗi! Da ya ce guba ce ma da ya fi sauƙi. Nan take mata suka janye 'ya'yansu. Tabawa ta bi shi da gudu tana cewa, "Baba Jatau, don Allah ko ni kaɗai ka gaya wa!" Bai ko waiwayo ba. To me zai gaya mata?

Daga ranar aka daina bin hanyar shingenta sai dole. Kuma abin da ya fi ci mata rai, zargin nan ya fara shiga zuciyarta ita ma. Takan tsaya da guga a hannu ta ce a ranta, to me ya sa Maigida ya ƙi gaya mini? Wasa ne irin nasa, ko akwai abin da ya ɓoye? A wurin wa ya karɓo ta? Sai ta tuna dariyarsa, ta ce a'a, mutumin nan bai taɓa nufina da sharri ba. Ta zuba ruwan. Gobe kuma tunanin ya dawo.

Ana nan, furen farko ya bushe, sai ga 'ya'ya sun ƙulla a gurbinsa. Ƙanana ne kamar tsada, kore da farko, sannan suka fara ja suna ƙyalli, irin jan da in yaro ya gani sai ya kai hannu. Ige ce ta fara hangowa. Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba ta nufi gidan Sarkin Lambu.

Wannan karon Barau da gatari ya zo.

Ya ce, "Tabawa, na yi miki kara saboda marigayi. Ganye ne, na ce dabba ta kiyaye. Fure ne, na ce a toshe hanci. Amma yanzu ta yi 'ya'ya a kan hanyar yara. Jikokina ta nan suke bi. In wani ya tsinka ya ci ya mutu, me zan ce wa uwarsa? Matsa."

Kuma ku ji, maganarsa ba ta banza ba ce. Ni ma da ina wurin, da jikoki irinku masu kai komai baki, ban san abin da zan ce ba.

Tabawa ta sha gaban shukar. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba, amma ranar ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka sare ta, ka sare abin da ya rage mini. Ba ni da kowa a gidan nan sai ita."

"To ki faɗi sunanta."

"Ban sani ba!"

"To matsa."

Ta dubi gatarin, ta dubi 'ya'yan nan jajaye. Sai ta ce, "In na ci fa? In na ci a gabanku ban mutu ba, za ku bar mini ita?"

Barau ya ce, "Ke, 'yar nan, rufa wa kanki asiri. Ban ce ki kashe kanki ba."

Ta ce, "Na ji. Za ku bar ta?"

Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya ce, "In kin ci kin kwana lafiya, ma duba."

Ta kai hannu ta tsinko wanda ya fi nuna. Tsoro take ji ƙwarai, don ita ma ba ta san abin da ke ciki ba, kuma maganar Jatau tana yi mata yawo a ka. Ta ce a ranta, Maigida, in wasa ne ka yi mini, to yau zan gani. Ta yi bisimilla ta jefa a baki. Ta tauna, ta haɗiye. Ta ƙara tsinko wani ta ci, ta ƙara, har sai da ta cinye duk wanda ya nuna. Sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da shinge, ta harɗe hannu.

Aka yi cirko-cirko ana jiran ta faɗi. Rana ta yi sama, ba ta faɗi ba. Aka je aka yi azahar aka dawo, tana zaune. Wasu har sun gaji sun tafi ban ruwa. Da la'asar ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta kama jigo ta shiga jawo ruwa kamar kullum. Washegari da sassafe ita ta riga kowa zuwa bakin rafi.

Ummita, kin saki ajiyar zuciya. Tsaya tukuna, ba ki san mutanenmu ba.

Da aka taru, Barau ya buɗe baki zai yi magana, sai Ige ta ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ina da tambaya. Wa ya ce mata ta ci? Ita ta ce za ta ci. Mutum yana cewa zai ci abin da bai san makarinsa ba? Ai sai da ta shirya. Ta sha makari tun a gida."

Aka juya wajen Jatau. Shi kuwa ya riga ya faɗi magana, ba dama ya janye. Ya gyaɗa kai ya ce, "Mai abu ai abinsa ba ya cinsa."

Shi ke nan. Rashin mutuwar tata ma ya zama shaida a kanta. Wani ya ce dama ya lura ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Wata ta ce ai da ganin yadda take taunawa ba yau ta fara ba. Cikin duk taron nan babu mutum ɗaya da ya ce, Tabawa, yaya kika ji shi a baki? Ba wanda ya tambaya. Tabawa ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da aka yi suna da biki tare, sai hawaye kawai. Baƙin cikin ranar ya fi na ranar da aka kawo gatari.

Barau dai kunya ta kama shi, don ya san ta cika nata. Amma tsoro bai sake shi ba, ga kuma jama'a. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "To ga abin da na gani. Ganye ba ya jan yaro, fure ma ba ya jan yaro. 'Ya'yan ne abin tsoro. Shuka ta zauna, amma kar ta ƙara yin 'ya'ya. Duk furen da ya buɗe da safe, ki tsinke shi kafin rana ta faɗi, tun bai ƙulla ba. Ranar da aka ga ɗa ko guda ɗaya a jikinta, ko aka ga fure ya kwana, ba sai na yi shawara da kowa ba, gatari ne. Kin yarda?"

Tabawa ta ce, "Da hannuna zan tsinke?"

"Wa zai taɓa miki?"

Ta dubi shukar, furanni sun buɗe fari fat. Ta ce, "Na yarda."

A yammacin ranar ta fara, bayan ta cire sauran 'ya'yan da ke reshe. Ta sa farce ta datse furen farko a wuya, ya faɗo tafin hannunta da ƙamshinsa da komai. Tana tsinka tana ba shukar haƙuri kamar mai yi wa yaro kaciya. "Yi haƙuri, Baƙuwa. Don ki rayu ne." Daga bakinta aka ji wannan kalma, ita ce ta bi shukar har yau.

Haka ta yi ta yi, shekara da shekaru. Duk lokacin fure, da safe ta zo ta zauna ta sha kallo, da la'asar ta tashi ta tsinke su kaf, ta leƙa ƙarƙashin kowane ganye kar wani ya ɓuya. Ba ta zuwa biki mai nisa. Ba ta kwana a wani gari. Ko zazzaɓi take yi sai ta rarrafo. 'Yan'uwanta suka zo daga garinsu suka ce ta tattara ta koma gida, ta ce wa zai tsinke mini fure? Mutane kuwa ba su fasa sa ido ba. Ige takan zagayo da magariba wai neman akuya, alhali rassa take ƙirgawa da ido.

Jatau ya mutu bai warware maganarsa ba. Yaran da ake janyewa suka girma suka yi nasu lambun. Babu wanda shukar nan ta taɓa yi wa ko ƙwarzane, amma in ka tambaye su sai su ce ai don ana tsinkewa ne.

Wata rana, bayan duk sun tsufa, Barau ya biyo ta bakin shingen yana dogara sanda. Ya tarar da ita tana tsinka, bayanta ya ranƙwafa. Ya tsaya ya daɗe. Ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa, sannan ya rage murya ya ce, "Tabawa, don Allah in tambaye ki. Abin nan da kika ci, yaya yake a baki?"

Ba ta ɗago ba. Ta datse wani furen ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar ai kana wurin, kuma akwai saura a reshe."

Ya dogara sandarsa ya wuce.

Tabawa ta rasu a tsakiyar lokacin fure. Da hantsi ta cika, kafin azahar an kai ta. Aka dawo aka zauna karɓar gaisuwa, ba ta da ɗa, sai maƙwabta. Ana zaune, rana ta karkata, sai Ige, ta tsufa tukuf amma idon yana nan, ta zabura ta ce, "Jama'a! Fure fa? Wa zai tsinke?"

Aka dubi juna. Wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya ce hannunsa da ciwo. Duk garin nan aka rasa mai taɓa ta. Barau ya ce, "To magana ta ƙare. Alkawari da mai shi aka yi, mai shi ta tafi. Ba za a bar fure ya kwana ba." Ya aika aka ɗauko gatari. Ransa ba ya so, kowa ya ga haka a fuskarsa, amma ya tashi, mutane suka bi shi zuwa bakin rafi.

Suka tarar da ita ta yi fure fiye da kowace shekara, fari fat tun daga sama har ƙasa. Babu iska, ganye ko motsi ba ya yi. Barau ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatari.

Sai fure ɗaya ya faɗo a gabansa.

Ya dakata. Wani ya faɗo. Sai wani. Ɗaya bayan ɗaya suke saukowa, a hankali, daga wannan reshe zuwa wancan, yadda mai tsinka take bi. Barau ya sunkuya ya ɗauki guda, shi da bai taɓa yarda ko rigarsa ta goge ta ba. Ɗanye ne shar, bai yi yaushi ba, an datse shi a wuya daidai inda farce yake datsewa. Mutanen nan suna tsaye, ba mai tari, har na ƙarshe ya faɗo. Kafin rana ta faɗi babu fure ko ɗaya a jikinta.

Ige ta buɗe baki ta ce, "Kun gani ko, dama na ce..."

Barau ya ce, "Ige, yi mana shiru." Ya dubi rassan. Ya ce, "An ce kar fure ya kwana, bai kwana ba. Da me zan kama ta?"

Washegari ya dawo da gatarinsa ya zauna tun la'asar, ko jiya dace ne. Furen da ya buɗe da safe ya zube a gabansa kamar jiya. Ya yi ta dawowa har lokacin fure ya wuce, bai taɓa samun guda ɗaya da ya kwana ba. Daga nan ya daina zuwa da gatari, sai ya zo da guga. Kakata ta ce ta gan shi da idonta tana yarinya, tsoho yana jan jigo da kyar, yana zuba wa abin da ba a ci, ba a sha, yana share hawaye da hannun riga.

Daga jikin waccan aka yanko duk waɗanda kuke gani a garin nan, har da tamu ta bakin shinge. Shi ya sa har yau Baƙuwa ba ta yarda furenta ya kwana, ba ta kuma sake ƙulla ɗa ko ɗaya ba. Yanzu ba mai bin ta da gatari, lallaɓa ta ma muke yi, ga ruwa ga taki, ko za ta manta ta ba mu mu ɗanɗana. Ba ta manta ba. Mu muka fara ƙin yarda da ita, yanzu ita ce ba ta yarda da mu ba, kuma ni dai ban ga laifinta ba.